RAGUNAN LAYYA DA RUWAN KWATANO: MAGANA GA 'YAN'UWA MAZAUNA FIDJROSSÈ

 Ina roƙon a ba ni fili a wannan takarda tamu in yi magana a kan wani abu da ba mu cika kawowa ba. Kullum aka buɗe takardar nan, maganar duwan ce, da shingayen kan hanya, da hawa da saukar naira a gaban sefa. Duk gaskiya ne, ni ma suna ci mini tuwo a ƙwarya. Amma yau maganata ba ta wuce ƙofar gida ba. Ina nufin zamanmu da maƙwabta a Fidjrossè, da ragunan da muke shigowa da su cikin unguwa duk shekara in Layya ta gabato.

Wanda bai san Kwatano sosai ba, in ya ji an ce Bahaushe, Zango kawai yake kawowa a ransa. To, Zango tana nan a cikin gari, kusa da tashar jirgin ruwa da hanyar jirgin ƙasa, da babban masallacinta, kuma ita ce uwa. Amma Zango ta cika tuntuni. Iyali sun yi yawa, ɗakuna sun yi kaɗan, haya ta yi tsada, sai mutanenmu suka fara fantsama: wasu Akpakpa, wasu Godomey da Kalabi, wasu kuma muka yo yamma, bayan filin jirgin sama, muka sauka Fidjrossè a bakin teku. A Zango in ka ɗaure rago a ƙofar gida, maƙwabcinka na dama da na hagu duk masu rago ne, ba wanda zai ɗaga kai. A Fidjrossè kuwa kana iya zama Bahaushe ɗaya tilo a von guda. Na damanka ɗan ƙabilar Fon ne ma'aikacin gwamnati, na hagunka masunci ne, gaba da kai kaɗan Bature ne ko ɗan Labanan da ya kama gida saboda iskar teku. Mun sauya unguwa, amma da yawanmu ba mu sauya hali ba, kuma a nan gizo yake saƙar.

A fara da ƙasar kanta. Mu 'yan arewa mun saba da ƙasa mai shan ruwa da rana mai busarwa. A Maradi ko Birnin Ƙonni ko Illela, in garke ya kwana a wuri, kafin la'asar kashin ya bushe, kafin mako manomi ya zo da amalanke ya kwashe, har ya yi maka godiya. Kwatano ba haka take ba. Gari ne da aka gina a kan yashi tsakanin teku da tafkin Nokoué, shimfiɗe yake kamar faifai, ruwa ba ya samun gangaren da zai bi. Ruwan ƙasa kuma yana kusa ƙwarai. Duk wanda ya taɓa ganin ana haƙa rijiya a Fidjrossè ya san ba a yin nisa ake tarar da shi. Ma'ana, abin da ka zubar a bayan gidanka yau, gobe yana cikin rijiyar maƙwabcinka, kuma yana cikin taka.

Sai kuma lokaci. Kwatano damina biyu gare ta: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi tsanani a Yuni, da ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Layya kuwa kowa ya san tana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Layyar 2023 ƙarshen Yuni, ta 2024 tsakiyarsa, ta 2025 makonsa na farko, ta 2026 ƙarshen Mayu, kuma haka za ta yi ta ja cikin Mayu da Afrilu har wajen 2030. Wato shekaru ne a jere da ragunanmu da ruwan sama suke isowa gari tare. Dattawan da suke cewa ai da can muna ɗaure raguna a unguwa ba wanda ya ce uffan, ina roƙon su tuna a wane wata Sallar take faɗuwa a lokacin da suke magana. Rago 30 a fili cikin hunturu daban, rago 30 a fili ɗaya cikin ruwan Yuni daban. Na biyun kwana uku ya isa a ji warinsa daga bakin titi.

Kuma ba sai an tuna wa mazaunin garin nan abin da ruwa yake iya yi ba. A 2010 ambaliya ta shafi mutum wajen 680,000 a ƙasar Benin, ƙananan hukumomi 55 cikin 77 suka taɓu, kwalara ta biyo baya. Tun daga nan hukuma take zuba kuɗi wajen gina manyan magudanan ruwa a Kwatano, kuma kowa yana ganin aikin da idonsa. To, a ce an kashe wannan dukiya an gina lambatu, sannan ranar Sallah a leƙa a ga an cika shi da kashin tumbi da jini da guntun igiya. Wa za a nuna da yatsa? Ba sai an yi bincike ba. Mai rago a von ɗin sananne ne.

Na san dalilin da ya sa abin ya ƙaru, kuma ba zan ɓoye shi ba, don ba mugunta ce ta sa mutane yin haka ba. A 2021 gwamnati ta tura kasuwar dabbobi can Zè, aka tashi wuraren da muka saba tsayawa a cikin gari da kewayensa. Zè ba bayan gida ba ce. Sai ka ratsa cunkoson Godomey, ka ratsa na Kalabi, sannan ka miƙa. Ma'aikacin da ya tashi aiki da yamma yana son rago ɗaya, ba zai yi wannan tafiya ba in yana da wata dabara. Sai ya buga wa dillalinsa waya ya ce, Alhaji, ba ka da wani abu a kusa? Shi kuma Alhaji, da yake ciniki ba ya jira, sai ya nemi kangon da ba a gama ginawa ba, ya ba mai gadi ɗan abin goro, ya sauke raguna 20 da dare. Na kusa da shi ya gani, shi ma ya sauke 40. Kafin ka ce kwabo an yi ƙaramin tike a tsakiyar gidajen mutane, ba izini, ba ruwa, ba wurin zubar da shara.

Rufe iyakoki ma ya taimaka wajen lalata tsarin. Nijeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 har Disamban 2020. A ƙarshen 2019 Benin ta hana shigowar garken makiyaya daga ƙasashen maƙwabta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka toshe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata gefen a rufe. A Mayun 2025 kuma, ana dab da Layya, Nijar ta hana fitar da dabbobi. Kowannenmu ya san abin da wannan ya jawo. Dabbar da take zuwa a babbar mota, da takardunta, da sunan mai ita, da sunan wanda za ta sauka a hannunsa, sai ta koma zuwa kaɗan-kaɗan, ta kwale-kwale, ta hanyar daji, a hannun yaran da ba wanda ya san iyayensu. Fataucin ya tarwatse, kuma da ya tarwatse sai fatoma ya rasa matsayinsa.

A nan nake so in ɗan daɗe, don a ganina nan ne asalin ciwon. Yadda muka gada, baƙo ba ya shiga gari da dabba sai yana da maigida. Maigida shi ne zai sauke shi, ya ba shi wurin kwana, ya ciyar da shi, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in mahauci ya ɗauki bashi, ya ajiye masa kuɗinsa har ranar komawa. La'adar da yake karɓa ba ta banza ba ce, ladan ɗaukar nauyi ce. Kuma akwai wani aikin da maigida yake yi wanda ba a cika ambata ba: shi ne fuskar baƙo a wurin mutanen gari. In saniyar baƙo ta shiga gonar wani, maigida ake nema. In yaron baƙo ya yi faɗa, maigida ne zai je gaban Sarkin Zango ko gaban mai unguwa. Da wannan tsari kakanninmu suka zauna a Salaga, da Kumasi, da Sabo ta Ibadan, da Jugu, da Faraku, cikin mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, aka kuma yarda da su har ana ba su bashi da baki kawai. Yau fa? Yaro ya sauko da raguna 15, ba shi da maigida, yana da waya. Ya kwana a barandar masallaci, ya sayar, ya kama hanya. Ƙazantar da ya bari, da bashin ruwan da ya sha, da zagin da ya yi wa matar maƙwabci da ta yi masa magana, duk mu mazauna muke gadonsu. Shi ya tafi, sunan Bahaushe ya zauna.

Akwai wata dattijuwa a layinmu, tana suyar kifi a ƙofar gidanta, mun fi shekara 10 muna gaisawa. Bara waccan ta tare ni, ba da faɗa ba, ta ce, Alhaji, ƙudan ragunan mutanenka sun kore mini masu saye. Ba nawa ba ne ragunan, ban ma san mai su ba. Amma ita ba ta da wanda za ta gaya wa sai ni, don ni take gani da hula da carbi. Kuma gaskiyarta. Abincinta ke nan, kamar yadda rago yake abincina.

Wani zai ce, to su fa? Su ba sa damunmu? Suna damunmu mana. Duk mazaunin Fidjrossè ya san yadda daren Asabar da Lahadi suke, in jama'ar gari suka kwararo bakin teku, gidajen giya suka saki kiɗa har kusan asuba, mai son tashi sallah bai runtsa ba. Akwai dokar hana hayaniya, an sake ta a 2022, amma ba kullum ake jin amfaninta a kunne ba. Akwai masu gidan haya da suke ganin ɗan kasuwar shanu kamar rijiyar kuɗi, alhali dokar haya ta 2018 ta ƙayyade kuɗin ajiya kada ya wuce na wata 3. Akwai wanda aka haife shi a Zango, aka haifi ubansa a Zango, yana da takardar ɗan ƙasa, amma in gardama ta tashi sai a ce masa baƙo. Kuma ba mu kaɗai muke zuba shara a lambatu ba, kowa ya sani. Duk na yarda. Sai dai ina tambaya: ranar da muka tashi kai kukan kiɗan dare wurin mai unguwa, da wane baki za mu yi magana, in shi ma yana da takardar ƙorafi a kan ragunanmu a cikin aljihu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu fara toshe namu.

Sannan mu san irin hukumar da muke zaune a ƙarƙashinta. Wanda ya ga Janairun 2017 ba ya bukatar dogon bayani. Gwamnatin Patrice Talon ta ce a tashi daga filayen hukuma da gefen tituna, kantoman Littoral na lokacin, Modeste Toboula, ya fito da motocin rusau, rumfuna da shaguna suka kwanta. Har sallar Juma'a a kan titi sai da aka taɓa, hankalin Musulmi ya tashi, sai da shugabanninmu suka zauna da shugaban ƙasa kafin ƙura ta lafa. A Satumban 2021 kuma, nan kusa da mu, aka rushe Fiyégnon 1, unguwar masunta, saboda aikin gyaran bakin teku da Hanyar Masunta mai zuwa Ouidah. Ƙungiyar Amnesty ta yi rahoto a kan haka a ƙarshen 2023, amma rahoto bai tayar da gida ko ɗaya ba. Ba ina yabon abin da aka yi musu ba ne, Allah ya sani tausayinsu nake ji. Abin da nake so a gane shi ne, wannan yanki namu shi ne hukuma ta ɗora wa ido don baƙi masu yawon buɗe ido. In ba a bar gidan masuncin da ya tsufa a wurin ba, rumfar ragunan da aka kafa da dare ce za a bari? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma ranar da za a zo, ba za a tambayi wane ne mazauni wane ne ɗan kwana uku ba. A kwashe dabbobin, a ci tara, a kuma sa wa duk mai hula ido.

Yanzu ga wata magana da na ji daga bakin wani ɗan'uwa mai karatu, kuma tana bukatar amsa. Ya ce ai a mazhabarmu ta Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, to mene ne abin tayar da hankali? Gaskiya ne, haka muka karanta a gaban malamanmu. Amma malam bai tsaya nan ba. Hukuncin yana tare da sharaɗi: in dabbar tana cin ƙazanta, to kashinta da fitsarinta sun zama najasa. Ragon da aka saki yana kiwo a kan juji a Kwatano, me yake ci? Sannan jinin da yake kwarara a wurin yanka najasa ne ba gardama, kuma shi muke turawa lambatu. Bayan haka, abu ya zama mai tsarki daban, ya zama ba ya cutarwa daban. Hayaƙi ba najasa ba ne, amma ba a yarda ka tura shi ɗakin maƙwabcinka ba. Tun muna yara a Islamiyya aka koya mana cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba Musulmi ba ne, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya ibada ce. Abin kunya ne a ce ranar da muke neman kusanci da Allah ta hanyar yanka, ita ce ranar da maƙwabta suke rufe tagoginsu.

Wanda wa'azi bai ratsa shi ba, to ga lissafin aljihu. Balami da Uda dabbobin ƙasa busasshiya ne. Ka ɗauko su daga Sahel, ka yi musu tafiyar fiye da kilomita 700 daga Malanbil, sannan ka tsayar da su mako biyu a cikin jiƙaƙƙen yashi, ruwa na dukansu, iskar teku na kaɗa su. Me kake jira? Tari, da majina, da zawo, da ciwon kofato. Harawar da ka saya da tsada ta jiƙe ta yi fumfuna. Kuma kowa ya san ragon da rashin lafiyarsa ta bayyana, ko gurguntarsa, ko ramarsa, ba ya isar wa mutum layya. Wato da hannunka kake mayar da ragon Layya ragon mahauta, ka sayar da shi da asara. Ga kuma leda. An hana ledar da ba ta ruɓewa a ƙasar nan tun dokar Disamban 2017, amma har yanzu ku tambayi mahautanmu na mayankar Akpakpa abin da suke cirowa daga tumbin dabbar da ta yi yawo a gari. Kangon da kake ganin kyauta ne, kana biyan hayarsa da naman dabbarka.

To me za a yi? Ni ba na cikin masu cewa a hana mutum ajiye ragon layyarsa a gida. Magidanci ya ɗaure ɗaya ko biyu a cikin gidansa, yara su yi wasa da su, su ba su dusa, wannan al'ada ce mai kyau, kuma ba ita ce take jawo ƙorafi ba. Abin da nake cewa a daina shi ne kasuwa a cikin unguwa. Ciniki ya zauna inda aka ce ya zauna. In nisan Zè ne matsala, to nisan za mu yi wa magani. Yau wane ne ba ya tura hoton rago ta WhatsApp? Wane ne ba ya karɓar kuɗi ta waya? Mai saye ya zaɓa, ya biya rabi, a sa wa ragon alama. Ana saura kwana biyu Sallah, mu haɗa kuɗi mu ɗauki mota ɗaya ko biyu, a bi unguwa-unguwa a sauke wa kowa nasa a ƙofar gida. Kuɗin mota in an raba shi a kan raguna 50 bai kai abin da mutum ɗaya yake kashewa a harawa da magani da toshiyar bakin mai gadi ba. Wasu daga cikin matasanmu sun riga sun fara haka, kowa shi kaɗai. Abin da ya rage a haɗa su.

Taki kuma, wallahi abin yana ba ni mamaki. Ga masu lambu a Houéyiho, gefen filin jirgi, tafiyar minti kaɗan a zemijan daga inda muke. Ga wasu a Sèmè-Podji. Yashi suke nomawa, yashi kuwa ba ya ba da latas da karas sai da taki, har sayen kashin kaji suke yi da kuɗinsu. Mu kuma muna da abin da suke nema, muna zubar da shi a lambatu da dare kamar ɓarayi. Motocin shara na SGDS an yi su ne don sharar gida, ba don tulin kashin garke ba. A sami mutum biyu daga cikinmu su je su zauna da shugabannin masu lambun, a yi magana: ga buhu, ga ranar kwasa, ga mai kawowa. Ko ba su biya ko dala ba, mun rabu da kaya. In sun biya, kuɗin ya shiga asusu. Ranar Sallah ma haka: kowane gida a haƙa rami tun jajibere don jini, a rufe da yashi da toka, kashin tumbi a zuba a buhu, yaranmu su bi da amalanke su tattara kafin la'asar.

Na san za a ce wa zai biya. Mu za mu biya, kuma ba yau aka fara ba. Ku dubi Gogounou a kan hanyarmu ta arewa. Makiyaya da 'yan kasuwa ne suka karɓi tafiyar da kasuwarsu da kansu, suka sa ɗan kuɗi a kan kowane kai da aka sayar, da magatakarda, da rasit, kuma da wannan kuɗin suka yi wa kasuwar aiki, har wasu garuruwa suka kwaikwaya. Na san wasu 'yan'uwana dillalai ba sa son jin sunan garin, don a can an rage wa dillali ƙarfi an mai da shi mai shaida. Wannan gardama ce ta wata rana, kuma ina da abin faɗa a kanta. Abin da nake ɗauka a wurinsu shi ne rasit. A ce mun sa sefa 100, wato dala 20, a kan kowane ragon da ɗan ƙungiya ya sayar a watan Layya. Wanda ya sayar da rago na jika 100 ko 150, dala 20 za ta karya shi? Amma a rubuta, a karanta a gaban kowa bayan Sallah, don abin da yake kashe asusun Hausawa ba rowa ba ce, rashin lissafi ne. Mutum ya ba da sau ɗaya, ya ba da sau biyu, bai ji inda kuɗin ya shiga ba, na uku ba zai bayar ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne mayar da maigida matsayinsa, don wannan ba kuɗi yake so ba, hali yake so. Shawarata ita ce duk wanda ya sauko da dabba, ko daga Gaya, ko daga Kamba, ko daga Guéné, ko daga Tourou, ya zama yana da mazaunin da ya san da zuwansa, a rubuta sunansa da na maigidansa a littafin ƙungiya. Wanda ya ƙi, kada dillalinmu ya taɓa masa dabba, kada direbanmu ya ɗaukar masa. Ba wulaƙanta baƙo nake nufi ba, Allah ya kiyaye, dukanmu baƙi muka zo. Gata ne ake yi masa. Yaron da ba shi da maigida, in 'yan sanda suka kama shi, wa zai je? In mahauci ya cinye masa kuɗi, wa zai karɓo? In ya kwanta ciwo, ko ta Allah ta kasance, wa zai sanar da gida? Mun sha haɗa kuɗin likkafani a masallaci don mutumin da ba wanda ya san garinsu.

Su kuma iyayenmu Alhazai masu gidaje, da girmamawa nake cewa, ku ne za ku fara. Yaro ba zai nemi maigida ba in ya ga maigidan ma kangon yake saukewa. Kuma ku ne mai unguwa zai saurara. A je masa tun Sallah tana saura wata guda, ba ranar da aka kama dabba ba. A je da liman, da mutum ɗaya mai jin Fon, da mutum ɗaya mai Faransanci da zai rubuta abin da aka yi. A gaya masa ga abin da muka ɗaukar wa kanmu, ga lambar wanda za a kira in an ga ragunan da ba a san mai su ba. A wannan zaman ne za a iya kawo maganar kiɗan dare, da maganar fitilun von ɗin da suka mutu, a kuma saurare mu. Naman Sallah ma, in an tashi rabo, kada a tsallake ƙofar maƙwabcin da ba ya sallah. Malamanmu da yawa sun yi sauƙi a kan haka, kuma iyayenmu a Zango suna yi tun kafin a haife mu.

Ina roƙon magatakarda ya sa wannan magana a cikin abin da za a tattauna a taronmu mai zuwa, kafin motocin farko su taso daga arewa. Ni na ɗauki zuwa Houéyiho, in an ba ni mutum ɗaya mai jin Fon ya raka ni. Maganar mota kuma, direbobinmu na hanyar Zè su zo da farashinsu a rubuce, a ji na kowa a gaban jama'a. Wanda yake ganin akwai gyara a abin da na faɗa, takardar nan tamu ce duka, ya rubuto a buga.